Kunyar Ɗan Fari

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Safiyata.

Ina gaishe ki gaisuwar uwa da 'yarta, ko da yake bango ɗaya ne tsakaninmu, ina ma jiyo dariyarki ke da ƙawayenki a tsakar gida. Allah Ya kai ki ɗakinki lafiya, Ya tsare miki hanya tun daga Hanwa har Minna, Ya sa gidan da za ki shiga ya zame miki wurin hutawa.

Akwai maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Abbanku bai san ta ba. Na ga idon Yayanki tun kafin kowa ya gani. Na gani, jikina ya ba ni akwai matsala, na ja bakina na yi gum. Dangi kaf sun tafi a kan cewa ciwon faɗo masa ya yi ranar suna, babu wanda ya ankara. Ba haka ba ne. Ni na ankara.

Sunansa Aminu. Kin ga na rubuta. Tunda kika yi wayo ba ki taɓa jin sunan nan a bakina ba, sai dai "Yayanki", ko "wancan", ko "mutumin ɗaki".

Ran nan da muke jera kayanki a akwati, kika tsaya da zani a hannu, ba ki kalle ni ba kika ce, "Umma, in na haihu, nawa ma zai iya zama irin Yaya?" Na ce, "Wace irin magana ce wannan a bakin amarya?" Na miƙe wai zan duba tukunya. Babu komai a kan wuta, Safiya. Tsayawa na yi a kicin ina kallon bango. Tun ranar na lura abinci ba ya shiga miki, kuma ya dawo kunnena cewa wata a dangin angonki Mukhtar ta ce a bincika ko abin a jini yake. Ba zan bari ki shiga gidan miji da wannan tsoron a cikinki ba, alhali amsar tana hannuna. Sai dai amsar ba ta fitowa sai ta biyo ta kan laifina, shi ya sa na gudu.

Bari in fara miki da yarinyar da nake a lokacin, don ba ki san ta ba. A gidanmu na Samaru, can bayan kasuwa, ni ce wadda za a aika cefane ta dawo da littafin soyayya a cikin hijabi. Ba na iya haɗa ido da mutum. Baƙo ya yi sallama, na shige bayan ƙyaure. Amma a cikin kaina kullum ina wani gida mai labule har ƙasa, ana kirana da sunaye masu daɗi. A littattafan nan duk wadda ta haihu, jaririnta fari ne sol, gashi kwance luf, kumatu kamar a taɓa jini ya fito. A wannan shafin ake naƙuda, a na gaba an yi suna, an yanka raguna. Ban taɓa karanta inda jariri ya ƙi kama nono ba. Da wannan ilimin na shiga aure.

Abbanku ni na so shi, ko in ce shi ya so ni, ni kuma na sunkuyar da kai ina murmushi. Yana aiki a wata masana'anta a Chikaji, muka kama ciki da falo a wani gidan haya a Sabon Gari. Ƙofarmu na kallon ta Maman Chidi, wata 'yar kudu mai sayar da robobi a kasuwa, mace mai faɗa da son mutane. Ita ta fara gane ina da ciki, ta yi ta jana zuwa awo, ina ce mata gobe. Sai da cikin ya tsufa na leƙa. Ma'aikaciyar ta ce in zo da maigidana a ɗebi jininmu a gwada. Na dawo gida na kasa faɗa masa, don faɗin yana nufin in ambaci cikin da bakina. Shi ke nan, ban koma ba.

Ke kam, da kin ga wata ya wuce miki, ki faɗa wa Mukhtar da bakinki, ku tafi awo tare. Duk gwajin da suka ce a yi, a yi. Wanda ya yi miki cikin ba baƙonki ba ne.

Abin da na iya a lokacin shi ne sayen kayan jarirai a ɓoye. In shiga kasuwar Sabon Gari kamar mai sayen gishiri, in fito da 'yar riga ko hula a ƙasan kwando. Na jera su a akwati, na zuba ƙwayoyin kafur ba kaɗan ba, saboda kyankyaso da kuma ƙamshi. In Abbanku ya fita sai in buɗe, in shinshina, in rufe. Ki riƙe maganar kafur ɗin nan, zan dawo kanta.

Da haihuwa ta matso aka mayar da ni gida Samaru. Innata ta rasu tun ina ƙarama, don haka Goggo Asabe, yayar Babana, ita ce a kaina. Allah Ya ji ƙanta, ba ta taɓa nufina da sharri ba, abin da aka koya mata ta koya min. Ta zaunar da ni ta ce, "Ki buɗe kunnenki, yarinyan nan. Ɗan fari ba a kallonshi, ba a kiran sunanshi, ba a mishi wasa a gaban mutane. In an miƙo miki shi ki kau da kai, sai an roƙe ki za ki ba shi nono. Kar ki sa a ce 'yar gidan nan ba ta da ta ido." Ni da kunya ce abin da na fi iyawa a duniya, sai na ji an ba ni aikin da zan ci jarrabawarsa.

Na haihu lafiya. Ya faɗo da kukansa, ya kama nono, komai ras. Mata suka yi ta shigowa barka, ni kuwa fuskata na bango.

Wata safiya, saura kwanaki a yi suna, Goggo ta fita hura wutar ruwan wanka, ɗakin ya rage daga ni sai shi. Na saci jiki na ɗauke shi, na matsa bakin taga. Wannan ne kallon farko da na yi masa na gaske. Fatarsa ta yi wani haske kamar cikin mangwaro. Zuciyata ta buga don daɗi, na ce ashe gaskiya ne, ni ma na haifi farin yaro irin na littafi. Sai ya buɗe ido. Inda ya kamata ya zama fari a idon ya koma kamar gwaiduwar ƙwai. Ban san sunan abin ba, amma na san ba haka idon mutum yake ba. Na ji takun Goggo, na yi maza na kwantar da shi na juya baya.

Duk ranar ina son in yi magana. Amma in na ce idonsa ya canza, za a ce yaushe kika kalli idon? Wannan 'yar tambayar ce ta rufe min baki. Ita kaɗai.

Washegari Maman Chidi ta zo barka tun daga Sabon Gari, da sabulai a leda. Ɗaki cike da mata. Ta karɓi yaro, ta je bakin ƙofa inda haske yake, ta daɗe tana dubansa. Ta ce wa Goggo, "Mama, wannan pikin idonshi ya yi yelo fa. Shawara ne. A kai shi asibiti yau yau, ba gobe ba."

Goggo ta yi dariya ta ce, "Ke dai Maman Chidi, ku komai asibiti. Ƙaiƙayi ma asibiti. Hasken gidanmu ne ya ɗauko, kakanshi haka yake kamar Balarabe. In ma shawaran ne, a dinga fito da shi hantsi, zai washe."

Wata ta ce, "Ai baƙin ciki take, nata duk sun fito kamar gindin tukunya." Aka kwashe da dariya, har da ita Maman Chidin, don wasan da suka saba ne. Amma ba ta saki maganar ba. Ta juyo wajena ta ce, "Amarya, ke fa? Ba ke ke ba shi nono ba? Ba ki ga idon ba?"

Kowa a ɗakin na jiran ya ga irin tarbiyyar Asabe. Na ja mayafi na rufe fuska, na ce, "Ni ban kalle shi ba."

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Wata ta ce, "Kai, Asabe, kin iya riƙo! Irin waɗannan sun ƙare a zamanin nan." Safiya, daɗi na ji. Abin da ya fi cin raina har yau ke nan. Ba tsoro kaɗai ya hana ni magana ba, yabon ya yi min daɗi a ƙarƙashin mayafin nan. Da Maman Chidi za ta tafi, ta ɗora min shi a cinya, ta sunkuyo ta ce a hankali, "Kalle shi. Naki ne." Ban ɗago ba.

Ki ji ni da kyau a nan. Ranar da Allah Ya sauke ki, ki kalli abin da kika haifa, ko ɗaki ya cika da surukai. Kowace safiya ta makon farko ki kai shi inda hasken rana yake, ba hasken ƙwan lantarki ba. Ki duba farin idonsa, ki duba dasashinsa, ki ɗan danna goshinsa da yatsa ki ga kalar da ta fito. In kin ga rawaya, ko kaɗan ce, asibiti. Kada ki tsaya shanya shi a hantsi, kada ki jira suna, kada ki jira a gama shawara a kan shawara. Duk wanda ya ce ba ki da kunya, ki ce masa haka ne, ki wuce da ɗanki.

Bayan zuwan Maman Chidi sai ya rage tsotso. Ya kama nono ya saki, ya yi ta barci. Mata suna cewa, "Yaro mai haƙuri, bai da rigima." Ni na san ba haƙuri ba ne, don ƙirjina ya cika ya yi tauri ba mai sha. Nan ma ban ce komai ba, ta yaya zan yi zancen nonona a gaban mutane? Ranar suna da asuba ya saki wani kuka siriri mai tsini, wanda ban taɓa jin irinsa ba, ya banƙare, ƙeyarsa na neman taɓa bayansa. Abbanku ya zo da abokansa, an ɗaure rago a ƙofar gida. Da aka miƙa masa yaron, kallo ɗaya ya yi masa ya ce a nemo mota. A babban asibiti aka raɗa wa Aminu suna, a baranda.

Suka sa shi ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske, an rufe masa ido, daga baya suka canza masa jini. Likitar, wata mace mai sanyin murya, ta tambaye mu, "Yaushe kuka fara ganin idon ya canza?" Goggo ta kalli Abbanku, Abbanku ya kalle ni. Na ce, "Yau." Ta ɗan jima tana dubana, sannan ta rubuta. Ta san ba gaskiya ba ne. Abbanku kuwa ya yarda, har yau da wannan "yau" ɗin yake zaune.

Kada ki taɓa yi wa likita ƙarya don ki kare fuskarki. Ba alƙali ba ne, ba kuma surukinki ba ne. Da abin da kika faɗa masa yake aiki.

Aka sallame mu, muka ɗauka an wuce wurin. Sai watanni suka fara tafiya suna barinsa a baya. Sa'anninsa wuyansu ya tsaya, nasa yana langaɓewa. Suka zauna, suka yi rarrafe, shi in an zaunar da shi sai ya zube. Wani lokaci jikin ya yi laushi kamar tsumma, wani lokaci ya sanƙare har sa masa riga ya gagara. In zai kai hannu ga abu, hannun ya murɗe ya tafi wani wajen. Abinci na sarƙe shi, miyau na zuba. In an yi sallama a bayansa ba ya juyowa.

A nan na yi kuskure na gaba. Wata tsohuwa a layinmu ta ce ɗan ruwa ne, wai an musanya min shi, a kai shi bakin rafi a ajiye a ɓuya a ga abin da zai zama. Abbanku ya kore ta, har ya bi ta da takalmi. Amma da wasu suka ce iska ce ta shafe shi saboda an bar shi shi kaɗai a ɗaki, sai na kama wannan da hannu biyu. Kin san dalili? In iska ce, ni ba ni da laifi. Muka yi ta yawon masu magani, daga Jushi har ƙauyukan bayan Samaru, hayaƙi, shafe-shafe, jiƙe-jiƙe. Asibiti sun ce mu riƙa kawo shi suna dubawa, na ƙi komawa, don ina tsoron idon likitar nan. Kafin mu koma, ƙafafunsa sun fara ƙagewa. Addu'a dole ce, Safiya, ban ce ki bar ta ba ko da rana ɗaya. Amma ki yi ta a kan hanyar asibiti.

Da muka koma, ita dai na tarar. Ba ta tayar da tsohuwar magana ba. Ta zaunar da mu ta yi mana bayani da Hausa. Ta ce rauni ne a ƙwaƙwalwa, a wajen da ke ba gaɓoɓi umarni. Gaɓoɓin lafiyarsu ƙalau, saƙon ne ke isa a karkace. Shawarar ce ta yi yawa a jininsa har ta hau kai, ta taɓa wajen motsi da wajen ji. Ta ce raunin ba ya ƙaruwa, ba ya kuma gogewa, amma in aka bar jikin babu motsi gaɓoɓi za su ƙage, in kuwa aka dage da gashi da motsa jiki yaro na samun abin da zai samu. Ba a ɗaukarsa a wajen wani, ba iska ba ce, ba kuma alhakin kowa ba ne ya kama mu. Sannan ta tambaya, "A cikin me kuke ajiye kayansa?" Na ce akwati. Ta ce, "Da kafur?" Na ce e. Ta ce akwai yara, galibi maza, da jininsu ba ya jure kafur da wasu magunguna, da sun shaƙa ko ya taɓa fatarsu sai ƙwayoyin jinin su yi ta fashewa, shawarar ta hauhawa. An gwada Aminu, yana cikinsu. Ƙamshin nan da nake buɗewa ina shinshinawa, shi na naɗe ɗana a ciki.

A bencin sashen gashin ƙashi na yi makarantar da ban yi a littafi ba. Duk ranar zuwanmu mata ne jere, kowa da nata a baya ko a cinya, kowa da hanyar da ta kawo ta. Wata Maryamu, malamar firamare daga kudancin Kaduna, ta kwana ta yini tana naƙuda a gida, da 'yar ta fito ba ta yi kuka ba sai da aka daɗe. Wata nata bakwaini ne, ɗan mitsitsi aka haife shi. Wata tagwaye ta haifa, na biyun ya daɗe bai fito ba. Wani yaron lafiyarsa ƙalau har ya fara zama, sanƙarau ya kama shi. Wata kuma zazzaɓi mai zafi ta yi da cikin. Akwai wadda ta yi komai daidai, awo ba fashi, a asibiti ta haihu, likitoci sun duba sun rasa dalili. Yaran ma ba iri ɗaya ba ne. Wani ɓari ɗaya ne ya riƙe, yana tafiya yana jan ƙafa. Wani ƙafafun ne ke harɗewa kamar almakashi. Wani yana da farfaɗiya a kai, wani babu. Wani kansa ya taɓu, wani kuwa ya fi mu duka kai. Don haka in kin ga mace da irin wannan ɗan, kada ki ce a ranki me ta yi. Da yawansu ba su yi komai ba. Ni ce dai na san abin da na yi.

To ga amsar tambayarki. Larurar Aminu ba gado ba ce. Ba a cikina ya same ta ba, lafiyayye na haife shi. Abin da zai iya biyo ki daga wajena shi ne wancan jinin da ba ya son kafur, don likitar ta ce ta wajen uwa yake bi. Wannan kuwa ana gwada shi, ana kiyaye shi. Ki faɗa musu tun a awo cewa wanki ya yi shawara mai tsanani yana jariri, su sa ido. Kada kafur ya kusanci kayan jaririnki, kada ki ba shi wani magani ko ki shafa masa wani abu sai sun sani. Ke kanki hujja ce. Da na haife ki, idonki ya fara canzawa kamar nasa. A ranar na saɓe ki, ɗankwalina a hannu, jego ko ba jego ba, na tare mota a bakin titi. Suka sa ki a fitila, muka dawo gida. Ga ki nan kina dariya a tsakar gida. Tazarar da ke tsakaninki da Yayanki ita ce buɗe bakina.

Saura ɗaya, kuma wannan kin san rabinta, don a gabanki aka yi. Kunyar ɗan fari akan sassauta ta in yaro ya girma. Ni ban sassauta ba, na mayar da ita mafaka. Mutane suna cewa, "Hadiza akwai alkunya, har yau ba ta kiran sunan ɗanta." Ba alkunya ba ce. In na kalle shi, abin da na yi nake gani. Ina masa wanka, ina ba shi abinci a baki, ina ɗaga shi ina kwantarwa, amma ban taɓa zama na yi hira da shi ba yadda kike yi. In baƙi za su zo, sai in tura kekensa ɗakin baya in kunna masa rediyo, rediyon da ba ya ma ji sosai.

Kin tuna ranar da Mukhtar ya fara shigowa gaishe ni? Na share falo, na turara, na tura Aminu baya na ja ƙofa. Muna cikin gaisawa kika tashi kika fita. Sai ga ƙarar keke. Kika tsayar da shi a tsakiyar falo, kin sa masa hularsa ta Juma'a, kika ce, "Mukhtar, ga Yayana. Shi ne babba a gidan nan." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Aminu na ta kokawa da bakinsa, hannunsa na murɗewa, kin san yadda yake in yana cikin murna jikin ya fi ƙin ba shi haɗin kai. Mukhtar ya miƙa masa hannu a tsaye. Aminu ya ƙi karɓa. Da ƙyar maganar ta fito, "Dur... ƙu... sa. Ni... ne... wa."

Kika fashe da dariya kika ce, "Ka ji ko? Ƙanwarsa kake nema, a tsaye za ka gaishe shi?"

Mukhtar ya zube har ƙasa ya ce, "Tuba nake, Yaya. Ina wuni?"

Aminu ya ce, "An... ba... ka."

A ranar na san kin yi dacen miji. A ranar kuma, da za ki mayar da shi, ya tsayar da ke a saitina ya dube ni, yana murmushin nan nasa da ke karkacewa gefe, ya ce, "Umma... an... fito da... kaya... daga... sito." Kuka yi dariya ke da shi. Ni na shiga banɗaki na kunna famfo. Ashe duk shekarun nan ya san me ake yi. Ya san dalilin rediyon. Kansa ras yake, jikin ne kawai ba ya jin maganarsa, ni kuwa na yi ta mu'amala da jikin na bar mutumin.

Ban da abin da zan koya miki a nan, ke kika koya min. Abin da zan roƙe ki shi ne kada Minna ta sa ki manta da shi. Ki riƙa kiransa ta bidiyo, don a bakinki yake karanta magana. Kuma duk irin ɗan da Allah Ya ba ki, mai gudu ne ko mai zama, fari ko baƙi, ki fito da shi falo.

Ban ce ki zubar da kunya ba. Ki ji kunyar surukanki, ki sassauta murya a gabansu, ki rufe sirrin mijinki. Wannan ado ce, kuma kina da ita. Amma duk kunyar da za ta sa ki ga ciwo ki yi shiru, a jikinki ko a jikin ɗanki, ki ajiye ta a nan gidan kafin ki shiga mota. Naƙuda ta fara, ki faɗa tun da wuri, ba jarumtaka ba ce a cije. Jariri ya ƙi nono, ki faɗa. Kin ga abin da ba ki gane ba, ki tambaya da ƙarfi, ko za a yi miki dariya. Dariyar mata ba ta wuce la'asar.

Allah Ya yi miki albarka, Safiya. Ya ba ku zaman lafiya ke da Mukhtar, Ya kare ku daga sharrin hanya da sharrin baki. Ya ba ki zuri'a mai albarka, Ya sauke ki lafiya duk lokacin da Ya nufa, Ya ba ki idon gani da bakin faɗa. Ya ji ƙan Goggo Asabe. Ya saka wa Maman Chidi da alheri a duk inda take. Ni kuma Ya yafe min.

Da na ɗauki biro, niyyata in cusa takardar nan a ƙasan akwatinki, ƙarƙashin zannuwan gado, yadda ba za ki gan ta ba sai kin kwana biyu a Minna. Ki karanta ina nesa, ki yi fushinki ina nesa, kafin mu haɗu kin huce. Yanzu da na zo ƙarshe na ga wannan ma wata ɓuyar ce. Don haka da ƙawayenki sun tafi zan kira ki ɗakina, in miƙa miki hannu da hannu, in zauna a bakin gado har ki gama. Duk irin kallon da kika yi min in kin ɗago, na karɓa. Abbanku zai ji in ya dawo daga masallaci. Amma kafin shi, ki raka ni wajen Aminu, ki tsaya kusa da ni. Shi ba takarda zan ba shi ba. Da bakina zan faɗa masa, da ƙarfi, yadda zai ji.

Na ji sun fara neman takalmansu. Bari in ninke.

Wassalam,
Ummanki.